Garin da Ake Cin Garba

Sunana Garba, kuma ban taɓa sanin abin dariya ne ba sai da na sauka Abijan. A ƙauyenmu, can bayan Dogarawa, in ka tsaya bakin masallaci ka ce "Garba", rabin sahu ne zai waiwayo, babu mai ko murmushi. Suna ne na mutanen kirki. Ban san akwai ƙasar da ake barbaɗa masa yaji a ci da safe ba.

Kamyon albasa na bi, wato babbar mota, ni da wasu 'yan bida masu tafiya neman kuɗi, muna zaune saman buhuna, rana ta gasa mu, iska ta busar. Duk hanya idona na zubar da ruwa. Wani dattijo da ke kusa da ni ya tambaya ko kewar gida ce, na ce a'a, albasa ce. Ya ce shi ma shekara da shekaru ita yake ɗora wa laifi.

A tashar Wagadugu na gamu da ɗan'uwana na farko a baƙunta. Hausarsa tsaf irin ta Konni. Ya tambaye ni ɗan wane gari ne, na faɗa. Ya ce ai ya san garin ciki da bai, wa ke limanci yanzu? Na faɗa. Ya ce Allah sarki, tare suka yi karatu. Duk sunan da na ambata ya sani, ban lura ba cewa sai na ambata yake sani. Da azahar ta yi ya miƙo mini butarsa, ya ce in je in yi alwala, shi zai tsare mini jaka. Ya tsare ta kuwa, don har yau tana hannunsa. Butar da ya bar mini ma yoyo take yi.

Wata tsohuwa mai sayar da kunu, ba ta jin Hausa, ni ba na jin yarenta, ta ga ina ta zagaye tasha da buta kamar wanda aka yi wa kurciya. Ta yafuto ni, ta cika mini ƙwarya, ta ƙi karɓar ko dala. Da za mu tashi ta ɗauko wata tsohuwar riga mai hoton wani ɗan siyasa da ban sani ba, ta ba ni. Da fuskar mutumin nan a ƙirjina na shiga Kodibuwa. Ina fata ya ci zaɓensa, don ni dai ya rufa mini asiri.

Da hantsi muka sauka tashar Ajame, cikin Abijan. Ban san kowa ba, babu wanda ya san da zuwana. Ina tsaye ina tunanin ta inda zan fara, sai na ji wata mata ta ƙwala kira: "Garba!" Na waiwaya. Wani saurayi daga can shi ma ya ce, "Garba!" Murna ta kama ni. Na ce Allah mai iko, ashe labarina ya riga ni isowa. Na kutsa cikin mutane ina cewa "Na'am! Ga ni!" har na isa gaban wata rumfa da aka yi wa layi. Kowa ya zo sai ya kira sunana ya miƙa kuɗi, a zuba masa wani farin abu kamar dambu, a ɗora soyayyen kifi da barkono.

Mai rumfar ya dube ni, ya dubi butata, ya ce da Hausa, "Kai baƙo na. Mi as sunanka?"

Na ce, "Garba."

Sai da ya ajiye cokali ya riƙe ciki. Sunansa Isuhu, mutumin Illela. Da dariyar ta sake shi ya yi mini bayani. Dambun rogo ne, su ce masa aceke, in an haɗa da kifi kuma ya zama garba, wai don mutanenmu ne suka fara sayar da shi, kuma duk wanda aka tambayi sunansa sai ya ce Garba. Ya cika mini faranti ya ce, "Ci kanka, ɗan'uwa." Ran nan na ci kaina har na nemi ƙari.

Isuhu ya ba ni wurin kwana ƙarƙashin teburinsa, ya ba ni aikin yanka albasa. Wato na sauka daga kanta na tarar ta riga ni zuwa tana jira. Na jure hayaƙin mai, na jure sauro, abin da ya gagare ni jurewa shi ne waiwaye. Mutum ba ya iya hana wuyansa amsa sunansa. Tun asuba har la'asar ina juya kai kamar ƙadangare. Da masu saye suka gano, sai abin ya zama wasa, kowa ya zo sai ya ce, "Garba, ba ni garba." Na bar rumfar na koma turin baro a kasuwa. Na yi dako. Wani ɗan kwangila ya sa mu haƙar rami, ranar biya ya ɓace, ya bar mu da ramin. Zazzaɓi ya kwantar da ni har na fara ganin kakannina.

Amma abin da ya fi ci mini rai a garin nan ruwan sama ne. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, safe da yamma, yana zuba a kan kwalta a banza, mutane na zaginsa don ya jiƙa musu takalmi. Ni kuwa sai in tsaya ƙarƙashin rumfa ina tuna gonata, inda hadari ɗaya ke sa gari duka ya fito yana kallon gabas. Abin da na samu, in na cire na kunu, gida nake aikawa. Damina ta zo ta wuce ban koma ba, wata ma ta zo ta wuce, don ina jin nauyin in shiga gari da buta mai yoyo.

Daga ƙarshe Isuhu ya samo mini aikin gadi a unguwar Kokodi, gidan wani mai kantin magani, Mushe Kwasi, don da Faransanci mushe kamar malam ne a wajenmu. Ƙaton mutum ne, mai ƙatuwar murya, mai ƙaton kirki. Sai dai kirkinsa irin na ruwan tsakiyar damina ne, ba ya tambaya ko ka yi shanya. In ya ga dama ya ba ka takalmi, dole ka sa ko ya matse ka, kuma kullum sai ya duba ƙafarka.

To, a gida na bar mata, Ramatu, da ɗanmu na goye. Da tafiyar ta yi tsawo sai ta koma gidan mahaifinta a Tajaye. Sunan mahaifin nata ba zan rubuta ba. Bakina bai taɓa faɗa ba, alƙalamina ma ba zai fara ba. Baba nake ce masa. Dillalin dabbobi ne, dogo, siriri, ba ya magana sai ta kama, in ya yi kuma ba ya maimaitawa. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa hawa tabarmar da yake kai ba, balle in kai loma baki yana kallo. Ko ruwa ne sai na zagaya bayan danga. Shi ma haka, ba ya ci a gabana. Haka muka tashi muka tarar, kuma da wannan ake auna ɗan mutunci a wajenmu.

Wata safiya saƙon muryar Ramatu ya shigo wayata. Ta yi ƙasa da murya, da ji ka san daga bayan rumbu take magana. Wai wani ɗan garinsu ya dawo daga Abijan ya baza cewa na zama ɗan birni, na ajiye kunya a tasha, ina gidan wanda ba ya salla ina cin abin da na ga dama. Baffanninta sun taru sun ce a raba auren nan tun tana da sauran ƙuruciya. Ta ce, "Baba ya ce shi ba shi yanka da wuƙaw wani. Shina tahowa da ragunan Layya, shi gani da idonai. Abin da yag gani, shi za a yi. Garba, don Allah ka kiyaye. Ni dai ba ni son a raba ni da ɗakina."

Na saurari saƙon nan har batir ya mutu. Ina son matata, ba na ɓoyewa, kuma tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba ko ranar da aka tafi da jakata.

Baba ya iso kasuwar dabbobi ta Porbuwe ana gab da Salla. Na je na tuɓe takalmin Mushe Kwasi tun daga nesa, na durƙusa cikin kashin tumaki na gaishe shi. Ya amsa yana duban wani rago. Ya tambayi aiki, ya tambayi lafiya, duk ragon yake tambaya, ni kuma ƙasa nake ba amsa. Sau ɗaya na ji idonsa ya sauka a wuyana, ya ɗan daɗe, ya tashi. Kullum in na tashi aiki sai in kai masa abinci a kwano a rufe, in ajiye, in ɓace kafin ya buɗe. Komai na tafiya daidai, har na fara ganin alamar zan tsira.

Sai Mushe Kwasi ya ji labari.

"Surukinka? Uban matarka yana garin nan, yana kwana cikin tumaki, ba ka faɗa mini ba?" Ya dafe ƙirji kamar an soke shi. Ya ce dole a karrama dattijon nan. Ranar Lahadi da rana zai kai mu wani gidan nama a unguwar Filato, inda manyan gari ke ci. Mu uku, tebur ɗaya, ni da Baba mu ci mu ƙoshi yana gani.

Dole in yi masa bayani. Faransancina na lakwal ne, wato makarantar boko, na ƙananan azuzuwa, sauran a tasha na tsinta. Na lalubi kalmar da za ta ɗauki kunya, na samo guda tak, "ont". Na ce masa, Mushe, ba zan iya ci da surukina ba, ina jin ont ɗinsa.

Fuskarsa ta canza. Ashe a bakinsu kalmar ba ta ɗauke da girmamawa irin tamu. Abin da ya ji shi ne wai ina ƙyamar a gan ni da tsohon don baƙauye ne. Ya yi mini faɗan da ko ubana bai taɓa yi mini ba. Ya ce shi ma ɗan manomin koko ne, uwarsa har ta mutu ba ta sa takalmi ba. Ya ce mutumin da ke jin ont ɗin dattijon da ya ba shi 'ya, ba zai tsare masa ƙofa ba. "Ranar Lahadi za ka zauna gabansa, ka ci, ka yi dariya. In ba haka ba, ka ajiye mini makullina."

Gaba kura, baya siyaki. In na ci, na gaskata mai tsegumi, aure ya mutu. In na ƙi, a kore ni a kan idon Baba, ya koma ya ce ko aikin ma babu, aure ya mutu.

Na je na gaya wa Baba, wato na gaya wa ƙasar da ke gabansa, ina fatan ya ce ba ya zuwa. Ya shafa ƙahon rago.

"Mi as sunan maigidan naka?"

"Mushe Kwasi, Baba."

"Mushe." Ya jinjina kai. "Mushe za shi kai mu cin nama."

Na rantse masa na bincika, yankan Musulmi ne.

"To. Wanda yar riƙe ma ɗa, ba a ƙin kiranai. Mu tahi."

Sai da na kama hanya na tuna ya ce ɗa, na ɗan ji sanyi. Amma na san Baba. Dillali ne, in zai sayi dabba sai ya kora ta ya ga tafiyarta.

Ranar Lahadi Baba ya sha babbar riga shuɗiya da rawani, ga sandarsa. Mushe Kwasi ya sa shi gaban mota, ni na maƙale a lungun baya inda madubi ba zai kamo ni ba. Gidan naman yana saman wani dogon bene na gilashi. Muka shiga ɗakin ƙarfen nan mai hawa da mutane, Baba ya riƙe sanda da hannu biyu yana salati a hankali. Ƙofa ta buɗe, sanyi ya mare mu. Tsakar rana ce a waje, amma su sun rufe ta sun kunna ƙananan fitilu. Ga kan bijimi an kafe a bango. Ga wani kabad na gilashi an rataye cinyoyin shanu a ciki, sun yi baƙi-baƙi. Mushe Kwasi ya nuna su da alfahari, ya ce in gaya wa Baba naman nan ya fi wata guda a rataye. Na fassara. Baba ya dubi naman da tausayi, ya ce, "Allah shi kawo musu kasuwa." Na ce wa Mushe Kwasi Baba ya yaba.

Wani ma'aikaci mai baƙaƙen kaya ya miƙo hannu zai karɓi sandar Baba. Baba ya dube shi, ma'aikacin ya fasa. Wani ya ja masa kujera baya don ya zauna, Baba ya tsaya yana jira ya gama da ita. Aka zaunar da ni daidai gabansa, ƙafata na neman taɓa tasa, ni da ban taɓa hawa tabarmarsa ba. Na ɗosana a bakin kujera, na zare takalmi a ƙarƙashin tebur, na sunkuyar da kai. Teburin baƙi ne mai sheƙi, sai ga fuskar Baba a ciki. Na juya dama, bangon madubi ne, ga Baba. Na juya hagu, ga Baba har uku. Na ɗaga kai sama, wallahi rufin ma madubi ne, ga rawaninsa. Mutum ɗaya nake gudu tun da na yi aure, ran nan aka tara mini shi kamar ranar kasuwa.

Aka kawo wa kowa wani ƙaton littafi mai bangon fata, tsawonsa ya kai kamu guda, na sunayen abinci. Mushe Kwasi ya zaɓa mana da kansa, ya kuma hana a kawo masa giya saboda Baba, wannan ba zan manta masa ba. Sai ma'aikacin ya sunkuyo kaina, tunda ni ne tafinta, ya jero tambaya da sauri. A ciki kalma ɗaya na tsinta, "senya". Ni kuwa maƙogwarona ya bushe, gumi na bin bayana duk da sanyin wurin. Na ɗauka ruwa yake tambaya, mai sanyi ko marar sanyi, har na yi mamakin yadda Hausa ta hau bene. Na ce ko ba zan sha ba, in samu na kallo. Na amsa masa, "Wi, wi, sanyi. Sosai." Mushe Kwasi ya bugi tebur don murna, ya ce ashe mu masana nama ne.

Aka fara kawo burodi da man shanu. Mushe Kwasi ya ci. Ni na ce nama nake jira. Baba ma, ta bakina, nama yake jira. Muka sami ɗan jinkiri kamar waɗanda aka ɗage wa shari'a.

Sai ga nama a kan katako, kowa da nasa, kauri kamar bulo, an ɗora masa wani ganye a ka don ado. Ƙamshi ya bugi hancina, cikina ya yi wata ƙara da na tabbata Baba ya ji. Rabona da nama irin wannan tun ranar sunan ɗana, shi ma ƙamshin ya fi yawa a rabona. Mushe Kwasi ya yanki nasa, ya nuna mu da wuƙa. Na ɗauki tawa, na ce bari in yi ta yanka ko Allah zai kawo mafita. Ina dannawa jan ruwa ya kwaranyo ya cika katakon. Ciki ja wur. Ashe senya a bakinsu mai jini ke nan.

Baba ya leƙa katakona ta cikin madubi, ya ce wa kan bijimin da ke bango, "Gida dut wuta, sama da ƙasa, amma ta gashi ta gagara."

"Me ya ce?" in ji Mushe Kwasi.

Na ce ya ce a ƙara wuta kaɗan.

Ban taɓa murna da kuskurena irin ta ran nan ba. Aka kwashe naman aka koma da shi. Na yi ta addu'a gawayinsu ya ƙare, ko mai gashin ya tuna wani uzuri a gida. Mushe Kwasi ya cika lokacin da labari, ina fassarawa. Can ya dafa kafaɗata ya ce in gaya wa Baba ni yaron kirki ne, bai taɓa kama ni ina barci a bakin aiki ba. Wannan ta fi ƙarfina. Mutum ba ya yabon kansa gaban suruki, ko da aron baki ne. Na ce, "Baba, ya ce ana ruwa ƙwarai bana." Baba ya dubi hannun da ke kafaɗata ya ce, "Na gani."

Nama ya dawo, ya gasu har ya yi baƙi a gefe, babu sauran hanzari. Na yanka shi ƙanana, na sake yanka ƙananan. Na jera su, na sake jerawa. Na goge bakin da bai ci komai ba da farin ƙyalle. Baba kuwa hannunsa na kan sanda, yana kallon gabansa kamar mai jiran mota. Mushe Kwasi ya ajiye cokali mai yatsu. Dariyar ta bar fuskarsa. Ya dubi katakon Baba, ya dubi nawa, ya ce da wata murya ƙasa-ƙasa da ta fi ihunsa ban tsoro, "Garba. Ka ci."

Na soki tsoka ɗaya, na ɗago ta. Tsakanin katako da bakina bai fi taƙi ba, amma a ɗan wurin nan na ga Ramatu ana kwashe mata kaya, na ga ɗana yana kiran wani baba. Hannuna ya tsaya a sama, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Idona ya cika.

Sai na ji motsi. Baba ya miƙa hannu ya jawo littafin nan mai bangon fata da aka bari a gefe, ya buɗe shi, ya kafa shi tsaye a tsakiyar tebur. Ya yafuto ma'aikacin ya karɓi na biyu da na uku, ya kafa ta gefen madubai. A natse yake yi, yana gyara kusurwa, yadda ake kafa zana a bayan gida. Sannan ya warware farin ƙyallensa ya yafa a sama, saboda madubin rufi. Ashe shi ma duk ya lura da su. Na tsinci kaina cikin wata 'yar bukka, ba na ganin komai sai sunayen abinci da namana.

Daga bayan dangar na ji muryarsa. Ba da ni yake ba, da bijimin bango yake.

"Ni ban san ko wa ab bayan dangag ga ba. Amma ko wane na, shi ci. Na ga wuyanai."

Sai ga hannunsa ya zagayo ta gefe, ya ajiye rabin namansa a kan katakona, ya koma.

Mushe Kwasi yana gefe, shi kaɗai ke ganin ɓangare biyu. Ya dubi Baba, ya dube ni. Can ya sunkuyo ya leƙo bukkata.

"Wannan ce ont ɗin?"

"Ita ce, Mushe."

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Na faɗa, Mushe."

Ya fashe da dariya har kofuna na rawa, yana dariya yana share ido. Babban ma'aikacin wurin ya taho da sauri zai yi magana a kan littattafansu, Mushe Kwasi ya tare shi da hannu, ya ce wannan katanga ce, kada wanda ya taɓa ta, a ƙaro nama. Wata mata a teburin kusa ta ɗaga waya za ta ɗauki hoto, ya harare ta har ta sauke.

Na ci. Allah ya sani na ci. Na ci nawa, na ci na Baba, na haɗa da ganyen adon. Daga can bayan danga na ji Baba ya ture wuƙarsu ya zaro tasa daga kube. Ina jin taunarsa, shi ma na san yana jin tawa. An ce gani ya kori ji, amma ran nan ji ya zauna lafiya, tunda babu gani. Da muka gama sai da ya yi gyaran murya, ya ba ni lokacin goge baki, sannan ya rushe dangar. Ya miƙa wa ma'aikacin littattafansa ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Madalla da aro." Na koma duban tebur, ya koma duban bijimi. A mota Mushe Kwasi ya yi ta surutunsa shi kaɗai.

Baba ya sayar da ragunansa ya yi haramar gida. Na raka shi tasha, na durƙusa. Ya ce wa tayar mota, "Damina mai zuwa, gona na son mai ita." Bai ƙara ba. Ban gane ba ko hukunci ne ko gargaɗi. Kwanakin da suka biyo baya ban san abin da nake gadi ba, wayata kawai nake tsaro. Shin na ci a gabansa ko ban ci ba? Dangar littafi danga ce a wurin baffanni?

Bayan Salla saƙon Ramatu ya zo. Wannan karon ba daga bayan rumbu ba, ina jin kaji, ina jin ɗana yana gwalantu. Ta ce baffanni sun taru a zaure, ita tana laɓe, suka tambayi Baba abin da ya gano.

"Baba yac ce, 'Na tahi, na gani. Garin nan babba da yaro, kowa garba shika ci tun da sahe. Garban ɗai na ban ga ya kai loma baki ba. Ku bar mishi matatai.'" Ta yi dariya, sai muryarta ta karye. "Wai da gaske ba ka cin abinci? Ya ce in daka ma gumba in aiko."

Na zauna a ɗakin gadi na saurara, na sake saurara. Mushe Kwasi ya fito zai shiga mota, ya ga fuskata, ya tambayi abin da ya same ni. Na duba dama, na duba hagu, babu albasa ko ɗaya kusa da zan ɗora wa laifi.